Tambaya da Amsa: Ta Ina Zan Fara Bin Salsalar Gidanmu a Zazzau?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni haifaffen Tudun Wadan Zariya ne. Mahaifinmu ya rasu, abin da muka sani kawai shi ne kakanmu daga cikin birni ya fito, wasu kuma na cewa mu Mallawa ne. Akwai ofishin da zan je in ga sunayen kakanninmu a rubuce?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kyautata namu zuwan. Ɗan'uwa, babu ofishi guda da za ka shiga a buɗe maka littafi ka ga kakanninka a jere. Dokar da ta ɗora wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa rajistar haihuwa da mutuwa ta 1992 ce, ka ga kuwa kakanka ya riga ta nesa ba kusa ba. Takardu suna nan, amma ba da su ake farawa ba.

Fara da gwaggonninka da duk wata tsohuwa da ta rage a dangi. Maza sun iya ba da labarin sarauta da yaƙi, amma wa ya auri wa, wa aka ba riƙo, wa ya sha nonon wa, wannan a bakin mata yake. Ka je da ɗan goro ko turare, ka nemi izini ka naɗi muryarsu a waya. Kowace ka same ta ita kaɗai, domin in ka tara su, wadda ta fi baki ita za ta yi magana, sauran su bi ta da "haka ne". Kada kuma ka matsa wa tsohuwa ta faɗi sunan mijinta ko na ɗan farinta. Alkunya ba za ta bar ta ba, sai ka nemo a bakin wani.

Suna shi ne inda yawancin masu wannan bincike ke ɓata hanya. Mutum ɗaya yana iya zama Garba a gida, Abubakar a takardar makaranta, Buba a wurin abokai. Audu shi ne Abdullahi, Iro Ibrahim, Shehu kuwa sau da yawa Usman ne. In ka ji Sani, Salisu da Rabi'u a gida ɗaya, mai yiwuwa duk Muhammadu ne, lissafin haihuwa ya raba su. Yaron da ya ci sunan kakansa ana kiransa Abba ko Baba har sunan yankan ya ɓace, sai mai bincike ya haɗe jika da kaka ya mai da su mutum ɗaya. Ga kuma al'adar makarantun boko na da, inda ake liƙa wa ɗalibi sunan garinsu maimakon na mahaifinsa. Don haka kowane mutum ka rubuta sunan yankansa, laƙabinsa, sana'arsa da unguwarsa. "Malam Audu" kaɗai ba zai kai ka ko'ina ba, amma "Audu marini na Kwarbai" ko "na Limancin Kona" ya ba ka ƙofar da za ka yi sallama, kuma mai unguwa da limamin wurin su ne na gaba da za ka gani.

Tsofaffi ba sa ba da shekara da lamba, suna ba ta da zamanin sarki. Wanda aka haifa "zamanin Ja'afaru" yana tsakanin 1937 da 1959, "zamanin Aminu" daga 1959 zuwa 1975. Turawa sun naɗa Aliyu Ɗan Sidi Sarkin Zazzau a 1903, Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna a 1956, an canja kuɗi zuwa naira a 1973. Da irin waɗannan za ka daddale. In gidanku na malamai ne, a duba gafakar littattafai, domin malamai kan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu a gefen shafi da shekarar Hijira. Don samun shekarar Miladiyya, ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622: 1350 za ta ba ka wajen 1931.

Sai yanzu takardu. A Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna akwai fayilolin Lardin Zazzau na zamanin Turawa, da rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi. Akwai Arewa House a Kaduna, sai Laburaren Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, inda kundayen digiri kan tarihin unguwanni da garuruwa suke. Amma ka san abin da za ka tarar: takardar Bature ta fi ambaton hakimi, dagaci, alƙali da ma'aikacin En'e. Talaka yawanci adadi ne a lissafin haraji. In kakanka ya yi aikin reluwe, ko ya je yaƙin Boma, ko ya yi Midil, to da fatan a ga sunansa. Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a nan Zariya a 1939, su ma a leƙa. A ganina takardar da ta fi kowace amfani ita ce ta rabon gado a kotun alƙali, don dole ta lissafa magada ɗaya bayan ɗaya, mata da maza. Ita da takardar cinikin gida ko gona, sau da yawa suna ƙasan adakar wani kawu, ba a ofis ba.

Batun Mallawa kuwa, a bi shi a hankali. Gidajen sarautar Zazzau huɗu ne, Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa, kuma salsalarsu a tsare take, har wani masani M. G. Smith ya zana ta a littafinsa kan mulkin Zazzau na 1960. In jinin Malam Musa ne ku, wato wanda ya kafa gidan Mallawa, dattawan gidan za su gane reshenku cikin zama ɗaya. Sai dai a da, barori da almajirai da bayin gida duk da sunan gidan ubangidansu ake kiransu. Ƙasar Zazzau ta yi rinji da yawa, wato ƙauyukan bayi, kuma gidaje masu yawa a yau suna da kaka da ta shigo ta wannan hanya. In bincike ya kai ka nan, ka rubuta ta da sunanta kamar kowa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a iske giɓi tsakanin kakan kaka da wani sarki, a cike shi da zato don kawai suna ya zo ɗaya. Inda sarƙar ta yanke, ka sa alama, ka rubuta wanda ya faɗa maka da ranar da ya faɗa.

Gwajin DNA zai iya nuna maka wasu dangi da suka yi gwajin, amma ba zai faɗa maka sunan kakanka ko unguwarsu ba. Kuɗin gara ka kashe su a motar zuwa wurin gwaggo mafi tsufa, kuma cikin makon nan.