Ziyarar Filayen Yaƙin Duniya: Sai da Ɗan Jagora Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina shirin zuwa Faransa da Beljiyam, kuma ina son ganin wuraren da aka gwabza Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kwana uku kawai gare ni. Shin dole ne sai na ɗauki ɗan jagora, ko taswirar waya ta wadatar? Sannan ko laifi ne in tsinci wani ɗan abu a filin in kawo tsaraba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da ta ƙarshen, domin ita ce ta shafi rai. Kada ka ɗauki komai, ko da guntun ƙarfe ne. An daina yaƙin tun 1918, amma har gobe garmar manoman yankunan Somme a Faransa da Ypres a Beljiyam tana tono harsasan igwa waɗanda ba su tashi ba, wasunsu ma ɗauke da iskar guba. Manomi yakan jingine su a bakin gona, sai ƙwararrun kwance bam su zo su kwashe. Idan ka hangi wani abu mai tsatsa, mai kama da kwalba, a gindin turken lantarki, ba yasasshe ba ne, jiran masu kwasa yake. A Vimy, inda Kanada ta gina dandalin tunawa da sojojinta, tumaki ake saki su cinye ciyawar wasu sassan, don ba a yarda mutum ya shiga da injin yanka ba. Bayan haɗarin, dokar Faransa ta hana tono kayan tarihi ba da izini ba. Kuma ƙasar nan kabari ce: har yanzu akan ci karo da ƙasusuwan sojoji idan ana aikin titi ko gini.

Batun ɗan jagora kuwa, shawarata ka ɗauka, ko da na yini ɗaya ne. Filin yaƙi ba ya bayanin kansa. Ka tsaya a Somme ba mai nuna maka, gonar alkama kawai za ka gani da 'yan tuddai. Jagoran da ya san aikinsa shi zai tsayar da kai a cikin ramin da sojoji suke fakewa, ya nuna maka ɗan tudun da bindigogin Jamus suke, ka ga da idonka cewa tazarar ba ta taka kara ta karya ba, kuma babu wurin ɓuya. A nan ne lissafin ranar 1 ga Yuli 1916, ranar farko ta gwabzawar Somme, zai shige ka: sojojin Birtaniya 57,470 suka mutu ko suka jikkata ko suka ɓace a yini ɗaya, 19,240 daga cikinsu matattu.

Sai dai ba kowane mai mota da lasifika ne jagora ba. Kafin ka biya, tambaye shi mutum nawa yake ɗauka, wurare nawa za a tsaya, kuma ko yana kai mutane maƙabartun Jamusawa. Wannan ta ƙarshen ce ma'aunina. Wanda zai kai ka Tyne Cot, maƙabartar sojojin Birtaniya da ƙawayenta kusa da Ypres, mai kaburbura kusan 12,000, ya tsallake Langemark da ke kusa, inda Jamusawa sama da 44,000 suke kwance, rabin labari ya ba ka. Haka wanda ya jera maka wurare goma a yini ɗaya, yawon ɗaukar hoto ya shirya.

Ga yadda zan raba kwanakin. Rana ɗaya Somme, har da Thiepval, inda aka sassaƙa sunaye fiye da 72,000 na sojojin ɓangaren Birtaniya waɗanda ba a san kabarinsu ba. Rana ɗaya Ypres, ka kwana can, domin kullum da ƙarfe 8 na dare ana tsayar da motoci a Ƙofar Menin, wurin tunawa da sojojin da suka ɓace, a busa begilar ban kwana, al'adar da aka fara a 1928, ba ta yanke ba sai lokacin mamayar Jamus a yaƙi na biyu. Ka isa da wuri, kuma ba a tafa hannu idan an gama. Ta ukun, idan ka iya jure nisan hanya, Verdun. A Douaumont, kusa da garin Verdun na Faransa, akwai ginin da aka tara ƙasusuwan kimanin mutum 130,000, Faransawa da Jamusawa a cakuɗe, ana leƙa su ta 'yan tagogi a ƙasan bango. A maƙabartar da ke gabansa akwai sashen sojoji Musulmi da Faransa ta kwaso daga ƙasashen da ta mallaka, kaburburansu na fuskantar alƙibla. Jagorori da yawa kan wuce shi da sauri, don haka ka nemi a tsaya.

Hoto ba laifi ba ne, amma ban da hawa kan dutsen kabari ko yin ado ana murmushi a gaban sunayen matattu, domin wanda ke tsaye kusa da kai wataƙila kakansa ya zo nema. Gonakin kuma na mutane ne, kada ka kutsa sai da izini. Shiga maƙabartun kyauta ne, gidajen tarihi ne ake biya. Ka tafi da takalmi mai ƙarfi da rigar ruwa, taɓon yankin Ypres ba ya raga wa kowa.