Ya karanta allo har ƙasa, idon kuma yana mutuwa

Jiya muna rufe shago ka tambaye ni: in mutum ya karanta allo goma bisa goma da lunet ɗin da muka gwada masa, me ya sa sai an ɗiga masa magani, an zaunar da shi rabin awa yana guna-guni, don kawai a leƙa bayan idonsa? Ka ga na yi shiru na ja ƙofa. Ba kai ka ɓata mini rai ba, yaro. Tambayarka ce ta tono mini wani Alhaji da har yau in na tuna shi sai abinci ya fita kaina.

Lokacin shekarata biyu da barin sashen ido na asibiti na buɗe nan. Wata Juma'a ya shigo, ɗan kasuwa ne, wake da aya yake lodawa zuwa Jibiya, shekarunsa sun haura 50. Kukansa ɗaya, lambobin littafin bashinsa sun yi masa ƙanana. Na nesa kuwa ya karanta har layin ƙasa. Na sa masa +2.00, ya ga rubutu rangaɗau, ya zaɓi firam mai ruwan zinariya da gilashi mai haɗa nesa da kusa, wanda sai an yanko daga Kano. Jika 90. Ya ajiye 30.

Da kai ne, da nan ka sallame shi. Ni na auna masa tansiyon ido da ɗan ƙarfen Schiotz, wanda kake wa dariya kana cewa kayan tarihi ne. Dama 28, hagu 34, alhali na mai lafiya tsakanin 10 da 21 yake. Na ɗiga masa Mydriaticum, maganin buɗe ƙofar ido, na jira minti 20 ƙofar idon ta buɗe, na leƙa. Kan jijiyar gani, in lafiya lau ne, kamar ɗan faifai yake, ja-ja, da ɗan rami a tsakiya wanda bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Na hagunsa ramin ya cinye kusan duka, fari fat kamar ƙwaryar da aka kankare, hanyoyin jini suna zuwa baki su lanƙwasa su ɓace ciki kamar igiyar guga a bakin rijiya. Na rufe masa idon dama, na kawo yatsuna daga gefe. Bai gan su ba sai da suka zo daidai hancinsa. Na ce, "Alhaji, a gidanku akwai wanda ya makance?" Ya ce mahaifinsu, amma shi sammu aka yi masa.

Na zaunar da shi na yi masa bayani dalla-dalla. Wannan shi ne hawan jinin ido, wanda likitoci ke cewa glokom. Ba ya ciwo, ba ya ja, ba ya kwantsa. Daga gefe yake fara ci, tsakiya ce ƙarshen abin da yake taɓawa, shi ya sa mutum zai karanta maka allo ido na mutuwa. Abin da ya tafi ya tafi, ba kamar yana ba da ake cirewa gani ya dawo. Na tambaye shi ko yana da asma ya ce a'a, na ce to ɗigon timolol ne safe da dare har iya rai, kuma ya tafi wurin likitan ido a duba ko aiki za a yi. Ya yi dariya har da buga cinya. "Ni da nake ƙirga kuɗi da fitilar ƙwai? Ku dai malaman asibiti ba ku rasa abin da za ku sayar."

An kusa kiran salla, mutum biyar na jira a benci. Duk wannan magana da baki na yi ta. A rajista sunansa na rubuta, da +2.00, da jika 30. Shi ke nan. Da gilashin ya iso direbansa ya zo ya karɓa, wai cikon gobe. Goben da ba ta zo ba ke nan.

Bayan wata 20 sai ga 'ya'yansa biyu sun riƙo shi. Hagu ya mutu murus, ko hasken tocila bai sani ba. Dama kamar mai leƙe ta cikin bututu. A tsakanin nan ashe wani ɗigo yake saya wurin 'yan tebur in ido ya yi masa ƙaiƙayi, irin mai kortizon, wanda shi kansa ƙara hawan yake yi. Amma abin da suka zo da shi, wai tun ranar da na ɗiga masa ruwan nan idon ya buɗe, rana ta shiga ta ƙone shi. Maganin da awa huɗu zuwa shida ya gama aikinsa! Suka kai ni gaban mai unguwa. Dattijon bai zalunce ni ba, tambaya ɗaya ya yi: "Ka ce ka gargaɗe shi, ina takarda?" Na buɗe rajista, ni kaina na ji kunya. Dattawa suka ce a yi haƙuri, mutum ya rasa ido, a mayar masa da jika 30 ɗinsa. Na mayar. Sittin ɗina kuwa ba wanda ya ko ambace su, gilashin yana aljihun rigarsa ina kallo.

Kuɗin ba su fi zafi ba. Shekara guda cur 'yan babbar kasuwa suka ƙaurace mini, "mai ɗigon makanta" ake ce mini, har wata tsohuwa daga Tibiri ta ga kwalbar ta tashi ta bar takalminta. Daga baya muka haɗu da shi wurin wata jana'iza, ya gane muryata, ya kama hannuna ya ce a hankali, "Malam, ai ka faɗa mini, yara ne da zafin kai." A kunnena ya faɗa. Bai taɓa faɗa a gaban mutum biyu ba, kuma har ya koma ga Allah bai aiko da ko dala ba. Allah ya jiƙansa, amma bashin yana nan.

Yadda ake riƙe oftalmoskop, madubin leƙa bayan ido, ba zan ɓata bakina a kai ba. Idonka na dama da nasa na dama, hagu da hagu, wanda ya kwana uku a shagon nan ya gani. Ku yaran yanzu so kuke inji ya tofo muku lamba a takarda ku yanka gilashi ku koma kan waya. Injin nan lambar lunet kawai ya sani. Wani Bajamushe, Helmholtz, ya fito da madubin leƙa ido tun 1851, kuma har yau bayan ido ne wurin da za ka ga hanyoyin jinin mutum ƙuru-ƙuru yana raye ba tare da an tsaga shi ba. Mai ciwon suga za ka ga ɗige-ɗigen jini kamar an barbaɗa barkono, da wasu rawaya kamar tsakin masara, sau da yawa tun bai fara kukan gani ba. Mai hawan jini hanyoyin sun tsuke sun yi siriri. Kan jijiya in ya kumbura, bakinsa ya dushe a ido biyu, ga ciwon kai, wannan ba namu ba ne, asibiti a ranar. Jariri kuma in ka haska ka ga fari yana ƙyalli kamar idon kyanwa maimakon ja, kada uwar ta ce sai an yi girbi.

Abu ɗaya da na ga kana tsallakewa: kafin ɗigo, haska tocila daga gefen kunne. In rabin baƙin idon na wajen hanci ya faɗa inuwa, gaban idon ba zurfi, kada ka ɗiga, kira ni. Irin wannan ne maganin kan iya tayar wa hawan gaggawa, kuma ranar da ya faru a hannunka, abin da aka yi mini ƙarya a kai zai zama gaskiya. Ka kuma gaya wa mutum tun kafin ka taɓa shi cewa rana za ta dame shi, rubutu zai dushe har yamma, kada ya hau babur da kansa, ya nemi kabu-kabu.

Duk wanda ya kai 40, ko mai suga, ko wanda aka taɓa makancewa a gidansu, a shagona sai an leƙa, ko da Gwamna ne yake sauri. Abin da ka gani ka zana da'ira biyu, ka sa girman ramin, ka sa tansiyo da kwanan wata, a rajista da karne ɗinsa duka. In ya ce ba ya so, ka rubuta "ya ƙi", ya sa hannu ko ya dangwala.

Gobe ka biya ka sayo pil sababbi, na cikin madubin sun yi sanyi, haskensa ya koma ja. Mutum goman farko kai za ka fara leƙawa ka zana, ni in bi bayanka. Wayarka kuma tana cikin durowa har azahar.