Tambaya da Amsa: Rigimar jinsi a makarantun Amurka, wane ɗan takara ne hannunsa ke kaiwa aji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Virginia da 'ya'yana uku, biyu suna firamare a makarantar gwamnati. Ban daɗe da zama 'yar ƙasa ba, yanzu ina da ƙuri'a. Duk lokacin zaɓe talabijin ba ta da zance sai na yara masu sauya jinsi a makaranta. Wannan ya ce zai kare 'yan mata, wancan ya ce zai kare yara daga tsangwama. A masallacinmu ma kai ya rabu. Mene ne ainihin matsayin 'yan takarar nan, kuma wanda na zaɓa zai iya canza abin da ake koya wa 'ya'yana?

Wata uwa, daga Virginia

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Zan fara da ƙarshen tambayarki, don a nan amfanin yake. A Amurka, wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan makaranta shi ne ya fi kowa nisa da ita. Kundin tsarin mulkin ƙasar bai ambaci ilimi ba sam, saboda haka aikin ya faɗa hannun jihohi, su kuma suka miƙa mafi yawansa ga hukumomin makarantu na gundumomi, waɗanda yawansu ya kai wajen 13,000. Abin da gwamnatin tarayya ke zubawa a firamare da sakandare bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na kuɗin da ake kashewa ba. Shugaban ƙasa yana iya barazanar riƙe wannan kuɗi, yana iya naɗa alƙalai, amma ba shi ne ke zaɓen littafin da za a karanta wa 'yarki ranar Talata ba. Masu wannan iko su ne mutanen da sunayensu ke can ƙasan takardar zaɓe, waɗanda da yawanmu muke tsallakewa don ba mu taɓa jin su ba.

Sai kuma a san abin da ake faɗa a kansa. Ba mata-maza ake nufi ba, wato wanda aka haifa da halitta mai ruɗarwa. Ana maganar yaron da aka haifa namiji ya ce shi a ransa mace ne, ko akasin haka, ya nemi makaranta ta ɗauke shi a yadda ya ce. Cibiyar Williams ta Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles ta ƙiyasta a 2022 cewa masu shekara 13 zuwa 17 da ke faɗin haka sun kai kimanin 300,000, wato kashi 1.4 cikin ɗari. Daga nan rigimar ta yi rassa: wasannin 'yan mata, banɗaki da ɗakin canza kaya, sunan da malami zai kira yaro da shi da ko za a sanar da iyayensa, sai littattafai da darussa. Ɗan takara zai iya tsaurarawa a ɗaya ya sassauta a wani. Tallar daƙiƙa talatin ba ta da lokacin wannan rarrabewa, shi ya sa take dunƙule su.

'Yan Republican, a dunƙule, suna cewa jinsi biyu ne kuma na haihuwa ne, wasa da banɗaki su bi wannan, kuma iyaye ne ke da ta cewa. A jiharki aka gwada wannan kira aka ga yana kawo ƙuri'a. A muhawarar watan Satumban 2021, Terry McAuliffe, ɗan takarar gwamna na Democrat, ya ce shi bai ga ya dace iyaye su riƙa gaya wa makarantu abin da za su koyar ba. Abokin karawarsa Glenn Youngkin na Republican ya ɗauki wannan furuci ya yi ta yawo da shi har ranar zaɓe, ya ci gwamna da tazarar kusan maki biyu a jihar da Joe Biden ya lashe da maki goma shekara guda kafin nan. Gwamnatinsa ta fitar da ƙa'idoji a 2023 cewa sai da takardar iyaye malami zai canza wa ɗalibi suna, kuma wasa da banɗaki su bi jinsin haihuwa. Amma ki duba abin da ya biyo baya: manyan gundumomin arewacin jihar, irin su Fairfax da Arlington, suka ce ba za su bi ba, kuma ba su bi ɗin ba. Gwamna da kansa ke nan.

A Florida, gwamna Ron DeSantis ya sa hannu a watan Maris na 2022 a kan dokar da ta hana koyar da batun jinsi da na neman jinsi daga nazare zuwa aji uku, a 2023 aka faɗaɗa ta zuwa dukkan azuzuwa. Malamai suka ruɗe, wasu suka kwashe littattafai daga kanta don tsoro, sai da aka yi sulhu a kotu a 2024 aka fayyace cewa darasi aka hana, ba a hana yaro ya ambaci gidansu ba. Donald Trump kuwa a 2024 ya kashe miliyoyin daloli a kan tallar da ke cewa Kamala Harris ta masu sauya jinsi ce, shi kuma naku ne. Tushen tallar wata amsa ce da Harris ta bayar a 2019 game da aikin tiyata ga fursunoni, ba ruwanta da makaranta. Ya kuma sha faɗa cewa yaro kan tafi makaranta ya dawo gida an yi masa tiyata. Wannan ba gaskiya ba ne. Makarantar da ba za ta ba 'yarki maganin ciwon kai ba sai kin cike fom, ina ta ga ɗakin tiyata?

Ba kuma dukkansu ne bakinsu ɗaya ba. Gwamnan Utah, Spencer Cox, ɗan Republican ne, ya ƙi sa hannu a dokar hana masu sauya jinsi shiga wasannin 'yan mata a 2022, ya ce cikin ɗalibai kusan 75,000 da ke wasanni a sakandaren jihar, huɗu ne masu sauya jinsi, ɗaya ce kacal ke buga wa 'yan mata. Majalisar jihar ta tsallake shi ta zartar da dokar. Idaho ce ta fara irin wannan doka a 2020, yanzu fiye da rabin jihohi suna da ita.

'Yan Democrat suna cewa waɗannan yara kaɗan ne, ana cin zalinsu, yawan damuwa da yunƙurin kashe kai ya fi yawa a cikinsu, don haka makaranta ta zame musu mafaka. Hujjar tana da nauyi, kuma duk uwa ta san zafin a ce ɗanta ne abin tsokana a aji. Inda suka sha wuya shi ne batun sanar da iyaye, kuma a nan nake so ki tsaya ki nutsu, don shi ne ya fi shafar gidanki. Ga yadda abin yake a zahiri: yarinya 'yar shekara goma sha uku ta je wurin mai ba ɗalibai shawara ta ce a daina kiranta da sunanta, a kira ta da na namiji, kuma kar a gaya wa gida. A wasu gundumomi akwai takardar da ake cikewa, da gurbin sunan da za a yi amfani da shi a aji da gurbin wanda za a yi amfani da shi idan an kira iyaye a waya. Masu kare wannan tsari suna cewa akwai gidajen da za a doki yaro ko a kore shi. Masu suka suna cewa ba a ɗaukar kowane uba a matsayin azzalumi saboda laifin wasu, kuma idan akwai alamar cutarwa, ai da ma doka ta tilasta wa malami ya kai rahoto ga hukumar kare yara. A watan Yulin 2024 gwamnan Kalifoniya Gavin Newsom, ɗan Democrat, ya sa hannu a dokar da ta hana gundumomin Kalifoniya tilasta wa malamai sanar da iyaye. A ganina a nan hujjar iyaye ta fi ƙarfi. Ɓoye wa uwa babban al'amari irin wannan bai kamata ya zama ƙa'ida ba, sai dai togiya mai dalili a rubuce.

Bayan faɗuwar 2024 jam'iyyar ta fara ja da baya a kan wasanni. Ɗan majalisa Seth Moulton na Massachusetts ya fito ya ce ba ya son 'ya'yansa mata su kara da wanda aka haifa namiji, ya sha suka daga nasa. Newsom ɗin nan da kansa, a watan Maris na 2025, ya ce lamarin akwai rashin adalci ƙwarai a cikinsa. Sun karanta alƙaluma ne: binciken Gallup na 2023 ya nuna kashi 69 cikin ɗari na Amurkawa suna son wasa ya bi jinsin haihuwa.

Ɓangaren tarayya kuwa lilo yake yi. Duk faɗan a kan doka ɗaya ce ta 1972, Title IX, wadda ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin tarayya. Gwamnatin Obama ta ce a 2016 dokar ta haɗa da jinsin da yaro ya zaɓa. Trump ya janye wannan a 2017. Biden ya dawo da shi a ƙa'idojin 2024, kotuna suka dakatar da su a jihohi 26, wani alƙali a Kentucky ya soke su baki ɗaya a Janairun 2025. Trump ya dawo ya sa hannu a umarnin jinsi biyu ranar da aka rantsar da shi, da na wasannin mata ranar 5 ga Fabrairu. A Yulin 2025 ma'aikatar iliminsa ta ce gundumomi biyar na arewacin Virginia sun karya dokar saboda tsarin banɗakinsu. Su kuma suka nuna hukuncin kotun ɗaukaka ƙara na 2020 a shari'ar Gavin Grimm, ɗalibi mai sauya jinsi da gundumar Gloucester ta hana shiga banɗakin maza, hukuncin da ya ba shi gaskiya kuma yake aiki a kan Virginia. Abin da shugaba ya rubuta da alƙalami, na bayansa da alƙalami yake gogewa. Hukuncin kotu da dokar jiha su ne ke daɗewa.

Shi ya sa abin da ya fi canza matsayinki a 'yan shekarun nan bai fito daga bakin ɗan takara ba. Maƙwabtanki na gundumar Montgomery a Maryland ne suka kawo shi. Hukumar makarantu a can ta shigo da littattafan labarai masu batun auren jinsi da sauya jinsi cikin darasin Turanci na ƙananan yara. Da farko ta bar iyaye su cire 'ya'yansu, a watan Maris na 2023 ta janye wannan dama. Iyaye Musulmi da Katolika da 'yan Orthodox suka haɗu suka kai ƙara, aka san shari'ar da Mahmoud da Taylor. Ranar 27 ga Yunin 2025 Kotun Ƙoli, da alƙalai shida a kan uku, ta ce dole a sanar da iyayen a kuma bar su su cire 'ya'yansu saboda addini. Ki lura da iyakarta: ba ta ce a cire littattafan ba, ba ta taɓa banɗaki ko wasa ba. Dama ce ta ki janye naki, ba ta ki hana na wasu ba. Ni kuwa ina ganin wannan ya fi dacewa da marasa rinjaye irinmu, don ƙa'idar da ta bar mai rinjaye ya share abin da ba ya so daga makaranta, gobe tana iya juyowa kan hijabin 'yarki.

Rabuwar kan da kika gani a masallacinku ba ku kaɗai ba ne. A Dearborn ta Michigan, iyaye Musulmi sun cika zauren hukumar makarantu a Oktoban 2022 kan littattafai, har aka tashi taron ba shiri. Wasu suka karkata ga Republican saboda wannan, wasu suka ce ba za su manta da dokar Trump ta 2017 da ta hana mutanen wasu ƙasashen Musulmi shiga Amurka ba. Trump ya ci Dearborn a 2024, amma wanda ya ce batun jinsi ne ya ba shi, ya manta da Gaza.

Kar kuma ki ɗauka wannan kira kullum yana ci. A Nuwamban 2023 'yan takarar da ƙungiyar iyaye masu ra'ayin riƙau ta Moms for Liberty ta mara wa baya sun faɗi a wurare da yawa, har da gundumar Central Bucks ta Pennsylvania da aka fi jin amonta. Gwamnan Kentucky Andy Beshear, ɗan Democrat, ya ƙi sa hannu a dokar jihar mai tsauri kan yara masu sauya jinsi a shekarar, kuma ya sake cin gwamna a jihar da Trump ke lashewa cikin sauƙi. A zaɓen gwamnan Virginia na 2025, Winsome Earle-Sears ta Republican ta jingina kamfe ɗinta a kan wannan batu, Abigail Spanberger ta Democrat ta yi ta kauce masa tana cewa a bar wa gundumomi, tana maganar tsadar rayuwa, ta kuma ci da tazarar kusan maki 15.

To me za ki yi? A Virginia 'yan takarar hukumar makarantu ba a rubuta jam'iyya kusa da sunansu, ko da yake jam'iyyu kan raba 'yar takardar waɗanda suke goyon baya a bakin rumfar zaɓe. Ki nemi samfurin takardar zaɓen unguwarku kafin ranar, ki fitar da sunayen. Mutanen nan suna amsa wasiƙar imel, kuma zaman hukumar a buɗe yake, ana ba kowa minti biyu ko uku da agogo a gabansa. Kar ki tambaye su ko suna goyon bayan iyaye, kowa zai ce e. Ki tambaya: idan ɗana ya nemi a canza masa suna, yaushe zan sani, kuma wa ke yanke hukuncin a ɓoye mini? Akwai banɗaki da wurin canza kaya na mutum ɗaya ga duk yaron da ya nema, ba tare da an tambaye shi dalili ba? Idan aka ci zalin yaro, ko don hijabi ko don jinsi, matakin iri ɗaya ne? Sannan ki je ofishin makarantar 'ya'yanki tun farkon zango ki nemi fom ɗin cire yaro daga darasin rayuwar iyali. Dokar Virginia ta ba ki wannan dama tun kafin shari'ar Mahmoud, haka kuma dokar 2022 ta wajabta a sanar da ke kafin a yi amfani da littafi mai bayanin jima'i ƙarara, a ba ɗanki wani a madadinsa idan kin nema.