Yadda za ki auna magana da rubutun ɗaliban da suka yi nisa a Turanci

Malama, kin tambayi yadda za ki auna magana da rubutun ɗalibanki da Turanci ya zauna a bakinsu, tunda jarrabawar cike gurbi duk cinyewa suke yi. Ki daina ƙirga kurakuran nahawu kaɗai. Ki raba makin gida huɗu, kamar yadda IELTS, jarrabawar ƙwarewa a Turanci ta ƙasa da ƙasa, ke yi a hirarta ta minti 11 zuwa 14: kwararar magana da haɗuwar ma'ana, yalwar kalmomi, nahawu, sai furuci. A rubutu kuwa, ki ba su minti 40 su kare ra'ayi guda cikin aƙalla kalma 250, ki duba ko kowane sakin layi ya riƙe hujjarsa.

Sai dai ki naɗi muryarsu a waya, ki sake saurare kafin ki ba da maki. Na taɓa ba wani ɗalibina maki mai tsoka saboda zaƙin bakinsa. Da na saurara da daddare, ashe jimloli kaɗan yake ta juyawa, tambayar ma bai taɓa ta ba. Yarinyar da take ɗan jan numfashi kafin ta yi magana, ita ce ta kawo hujja biyu masu ƙarfi, ni kuwa na tauye mata maki.