Maigidana Yana Horar da Kansa da Yunwa Saboda Fim

Assalamu alaikum Anti. Maigidana tela ne, amma shekara huɗu ke nan yana bin 'yan fim, ana ɗan sa shi nan da can. Kwanan baya wani darakta ya zaɓe shi ya fito a matsayin mutumin da ya daɗe a kurkuku, ya ce ya rame kafin a fita ɗaukar fim ɗin nan da wata biyu. Tun ranar Abban yara sau ɗaya yake cin abinci, shi ma ƙosai biyu ne da ruwan lemun tsami. Ya kuma sayo wani shayin rage ƙiba da ke sa shi zaryar bayan gida duk dare, ga shi da gyambon ciki tun da can. Wandonsa da kansa ya rage masa ƙugu a keke har sau biyu. Shekaranjiya jiri ya kwashe shi a bakin shago, yaransa suka riƙo shi zuwa gida. In na yi magana sai ya nuna min hoton wani Bature a waya, haƙarƙari duk a waje, ya ce haka manyan jarumai suke yi. Anti, in kai ƙararsa wurin Hajiya, ko in zuba ido? Ba na so a ce ni na tare masa hanya.

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kada ki zuba ido. Mai gyambon ciki da jiri ya kayar, yau ya kamata ya ga likita.

Hoton nan ina kyautata zaton na Christian Bale ne a fim ɗin The Machinist na 2004, inda ya zubar da kusan kilo 28. Abin ya faru, amma maigidanki rabin labarin ya ji. Shi Bale ɗin a 2019 da bakinsa ya ce ya daina irin wannan ramewa da ƙiba don fim. Matt Damon ya rage kusan kilo 18 da dabarar kansa saboda wani fim na 1996, ya shafe sama da shekara yana shan magani kafin jikinsa ya dawo daidai. Aamir Khan da muka fi sani ya kai kilo 97 don Dangal na 2016, ya ɗauki kusan wata biyar yana saukowa, da mai horar da shi da mai tsara masa abinci a gefensa. Maigidanki kuwa shi kaɗai ne da keken ɗinki, da iyali a wuyansa.

Shayin nan ya fi komai tayar min da hankali. Abin da ke sa gudawa ba kitse yake narkarwa ba, ruwan jiki yake kwashewa tare da sinadarin fotasiyam da zuciya ke buƙata wajen bugawa daidai. Ki ɗauke shi daga gidan. In kin ga bayan gidansa ya yi baƙi, ko ya yi aman jini, gyambon ne ke zubar da jini, ku tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Kuma kada tausayi ya sa ki cika masa kwano da tuwo lokaci guda, cikin da ya daɗe da yunwa a hankali ake lallaɓa shi. Ki fara da kunu da fate, kaɗan-kaɗan, bayan an auna jininsa.

Kada ki raina burinsa, shekara huɗu yana jiran wannan dama. Ki nuna masa cewa abin da kyamara za ta gani darakta yake nema. Tela ne, ya ɗinka riga mai yi masa yawa, ya bar gemu da suma su taru, mai kwalliya ya zurma masa ido da kumatu. In likita ya yarda ya rage jiki, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya wadatar.

Batun Hajiya kuwa, ki fara zama da shi da daddare bayan yara sun kwanta, ki ce masa tsoro kike ji. In gari ya waye ya ƙi zuwa asibiti, ki sanar da shi cewa za ki je wurinta, sannan ki yafa mayafinki ki tafi.