Ɗana a Gwanzu: in bar shi ya nemi Guangya ko in mai da shi Kano?

Wani ɗan kasuwa ɗan Kano da ya daɗe a Gwanzu, wato birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ya aiko da tambaya. Matarsa Basiniya ce Musulma, ɗansu kuma a can aka haife shi, yanzu yana gama firamare. Dangin uwar sun ƙwallafa rai sai yaron ya shiga Guangya, wata shahararriyar makarantar sakandare a birnin, shi kuwa mahaifin Alhajin yana ta aike a dawo masa da jikansa gida. Ya ce a ba shi shawara.

Alhaji, Allah ya raya maka shi. Surukanka ba su yi zaɓen banza ba. Guangya tana unguwar Xicun, in ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 5 daga Xiaobei, unguwar da 'yan kasuwar Afirka suka yi yawa, a tasha ta biyu za ka sauka. Zhang Zhidong, gwamnan lardunan Guangdong da Guangxi a zamanin daular Qing, shi ya buɗe ta a 1888. Da ɗalibai 200 aka tsara ta, 100 daga kowane lardi, ana koya musu tsoffin littattafan Sinawa da tarihi da adabi, shugabanta na farko kuma Liang Dingfen ne. Bayan faɗuwar sarauta, a 1912, ta koma sakandaren gwamnatin lardi. Har yau in ka shiga harabar za ka tarar da manyan itatuwa masu inuwa da tafkuna, ga ginin ɗakin karatu da suke kira Guanmian, ga yara cikin kayan makaranta irin na 'yan wasan motsa jiki suna sauri tsakanin azuzuwa. Abin da ke burge ni da ita shi ne an sauya mulki sau da dama, an yi yaƙi, amma ba a bar wurin ya zama kango ba. Mu da muka ga yadda tsoffin makarantunmu na gwamnati suka lalace mun san darajar wannan.

Sai dai ƙofarta ba a buɗe ta da kuɗi ko sanayya. Karatun dole a ƙasar Sin shekara 9 ne, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. A ƙarshensu ake jarrabawar zhongkao, makinta ne ke raba yara zuwa manyan sakandare, Guangya kuwa tana cikin masu ɗaukar na sama-sama. Ke nan yaronka yana da shekara 3 na aiki tuƙuru a gabansa kafin ma a yi maganar shiga babbar sakandaren Guangya.

Abin da ya fi damuna shi ne ba ka faɗi wace takarda yaron yake riƙe da ita ba, alhali a nan gizo ke saƙar. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sin ta 1980 ta ce wanda aka haifa a ƙasar, kuma ɗaya daga iyayensa Basine ne, to shi ma Basine ne. Dokar dai ta ce ba ta yarda da zama ɗan ƙasa biyu ba. Tsarin mulkin Nijeriya kuwa ya ba shi zama ɗan ƙasa ta wajenka. Don haka ko ka yi masa koren fasfo a ofishin jakadancinmu na Gwanzu, hukumomin can suna kallonsa a matsayin nasu har sai an bi hanyar ajiye zama ɗan ƙasar a hukumance.

In an sa sunansa a hukou, wato rajistar gidan uwarsa, hanyar makarantar gwamnati a buɗe take, zai zauna zhongkao, daga baya gaokao ta shiga jami'a. Ka duba garin da hukou ɗin yake, domin in na wani lardi ne ba na Gwanzu ba, akwai ƙarin sharuɗɗa, kuma gurbin ya fi ƙaranci. In kuwa an ajiye masa zama Basine, ya koma baƙo, zamansa ya rataya a kan naka. Bizar kasuwanci ta shiga da fita ba ta riƙe yaro a makaranta, sai da cikakken izinin zama. Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa a sauya masa fasfo dab da shiga jami'a don ya shiga ta ƙofar baƙi. Tun 2021 ana neman irin wannan ɗalibi ya riƙe fasfon waje shekara 4, ya kuma zauna a waje shekara 2 cikin huɗun ƙarshe. Ku je ofishin ilimi na gundumarku da na shige da fice, kai da uwar, ku ji da kunnuwanku. Ka rabu da 'yan kamashon Xiaobei a wannan magana.

Damuwar Baba kuma gaskiya ce, kada ka raina ta. Makarantar gwamnati a can ba ta koyar da addini, ba kuma a ware lokacin salla. Yaran babbar sakandare da yawa kwana suke yi, ana karatun dare bayan an ci abinci, kuma naman alade ruwan dare ne a ɗakin cin abinci. Sai ka tambaya tun wuri ko akwai abinci mai alamar qingzhen, wato halal, in babu ka nemi a bar shi ya riƙa kwana a gida.

Ni dai da ni ne, zan bar shi ya yi ƙaramar sakandare a can, tunda Sinanci ne harshen karatunsa, cire shi yanzu zuwa aji na Turanci a Kano zai mai da shi baya. Amma ka daina yi masa Sinanci a gida, Hausa zalla. Ka samo malamin da zai riƙa yi masa ƙarin Alƙur'ani ta waya, ka riƙa kama hannunsa zuwa masallacin Huaisheng duk ranar da babu makaranta. Hutun Yuli da Agusta kuma ka kawo shi Kano ya kwana a ɗakin kakansa, bayan ka karɓo masa takardar fita daga ofishin shige da fice. In ya gama zhongkao, makinsa na hannu, ku zauna da Baba da uwar yaron ku yanke ta gaba.