Tsohon gidan dutse a Culross: ko taga sai da izini?

Tambaya: Malam, ƙanena da ke karatu a Sikotland ya aiko min hoton wani tsohon gidan dutse mai launin rawaya a garin Culross, ya ce ko taga ba a canzawa sai da izini. Gwamnati ce ta ƙwace irin waɗannan gidaje?

Amsa: A'a, ba ƙwace ba ne. Gidan da ka gani, mai yiwuwa shi ne wanda ake kira Fadar Culross, a yankin Fife. Ba sarki ne ya gina shi ba. Wani attajiri ne, Sir George Bruce, da ya yi arziki da haƙar kwal da dafa gishiri, ya gina shi tsakanin 1597 da 1611. Tun 1932 yana hannun National Trust for Scotland, ƙungiya ce mai zaman kanta.

Sauran tsofaffin gidajen garin kuwa, da yawa masu su na ciki suna zaune. Hukumar Historic Environment Scotland ce ke sa gini a jerin gine-ginen tarihi, aji A, B ko C. Fadar tana aji A. Da zarar gida ya shiga, mai shi zai iya sayarwa ko ba da haya, amma duk gyaran da zai taɓa kamannin ginin, ciki ko waje, sai ƙaramar hukuma ta amince. Yin gaban kai laifi ne ƙarƙashin dokar kare gine-ginen tarihi ta 1997.

Ni dai inda na fi ganin amfanin wannan doka shi ne siminti. Da farar ƙasa aka haɗa duwatsun waɗannan gidaje, da ita aka yi musu yaɓe. Farar ƙasa tana barin danshi ya fita. Sikotland ƙasar ruwan sama ce, idan mai gida ya yi gaggawa ya shafa siminti, ruwan da ya shiga bango sai ya rasa mafita, dutsen ya fara ruɓewa a hankali, shekaru kaɗan ɗakin ya kama ɗoyi. Duk wanda ya taɓa ganin an yi wa gidan ƙasa filasta da siminti a Kano ya san yadda yake kumbura ya zube.

Tagar ma haka ne. Ta katako ake so a gyara, ba a cire a sa ta roba ba, kuma gyaran yana cin kuɗi sosai.